Canjin Jami'a a Amurka da Rabon Baƙon Ɗalibi Mai Karanta Tsimi da Tanadi

Akwai wata tambaya da ɗaliban ajin ƙarshe suke yawan kawo mini, musamman masu sha'awar ilmin tsimi da tanadi, watau abin da yanzu aka fi kira tattalin arziki. Tambayar ita ce, idan mutum ya fara karatu a jami'ar gida, ya yi shekara ɗaya ko biyu, zai iya canjawa zuwa wata jami'a ta Amurka ya ƙarasa a can? Wasu ma kan ce in faɗa musu kashi nawa cikin ɗari ake ɗauka. Tun da yake lokacin darasi ba ya isa a warware wannan magana, na ga ya kyautu in rubuta ta a mujallarmu, yadda kowa zai karanta a tsanake, har ma ya kai wa iyayensa, don su ne masu biya.

Da farko dai bari mu san abin da ake nufi da canjin jami'a, wanda ɗalibai suke kira taransifa. A Amurka digirin farko shekara huɗu ne, kuma ana auna shi da abin da ake kira kiredit. Kowane kwas da ɗalibi ya ci yakan ba shi kiredit uku ko huɗu, in ya tara kimanin 120 sai a ba shi digiri. Shekara biyun farko galibi karatun gama-gari ne, ɗan Turanci, ɗan lissafi, ɗan tarihi, ɗan kimiyya, tare da share fagen fannin da mutum ya zaɓa. Saboda wannan tsari ne ɗalibi yake iya kwasar abin da ya tara a wata makaranta ya kai wata, kamar yadda ɗan kasuwa kan cire kuɗinsa daga wannan banki ya zuba a wancan. Abin ya daɗe a can. Dokta Nnamdi Azikiwe ya fara a Kwalejin Storer a 1925, ya koma Jami'ar Howard, sannan ya sami digirinsa a Jami'ar Lincoln a 1930. Barack Obama ya bar Kwalejin Occidental ya koma Jami'ar Columbia a 1981. Shi ma Donald Trump daga Jami'ar Fordham ya koma makarantar Wharton ta Jami'ar Pennsylvania a 1966, kuma digirin tsimi da tanadi ya fito da shi a 1968.

A Ingila kuwa ba haka abin yake ba. Digirinsu galibi shekara uku ne, kuma tun daga ranar farko ɗalibi yake duƙufa kan fanni ɗaya. Jami'ar Oxford ba ta karɓar mai canji ko kaɗan. Duk wanda yake so, sai ya nema kamar kowa, ya faro daga shekarar farko. Shi ya sa zan tsaya a kan Amurka, inda maganar take da tushe.

Masu nema suna da yawa. A shekarar karatu ta 2023/2024 baƙin ɗalibai a Amurka sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari. Indiya ce kan gaba, sai Sin. 'Yan Nijeriya sun ɗan ɗara dubu 20, babu wata ƙasa a Afirka da ta kai haka. Ga kuma dalilin da ke sa ɗalibanmu tunanin ficewa ana tsakiyar karatu, wanda ba ɓoyayye ba ne: a 2022 kaɗai yajin aikin malaman jami'a ya ci wata takwas.

To, ku da kuke karanta tsimi da tanadi, kun san darasin farko da muka yi shi ne na ƙarancin kaya da yawan masu bukata. Mu ɗora shi a kan wannan al'amari. Daga ina gurbin mai canji yake fitowa? Jami'a takan ɗauki sababbin ɗalibai daidai yawan ɗakunan kwananta da malamanta. Idan shekara ta zagayo, gurbin da zai samu a aji na biyu ko na uku shi ne na wanda ya bar makarantar, ko don rashin kuɗi, ko don faɗuwa, ko don ya canja ra'ayi. Manyan jami'o'in nan masu zaman kansu da kuke jin sunayensu, wanda ya shiga ba ya fita sai da digiri, kusan kowa yakan dawo. Ke nan kayan da za su kai kasuwa kaɗan ne ƙwarai. Harvard ta faɗa da bakinta cewa masu canjin da take ɗauka kimanin 12 ne a shekara, masu nema kuwa sun fi dubu. Princeton ta rufe wannan ƙofa ɗungum tun 1990, ba ta sake buɗewa ba sai 2018, inda ta ɗauki mutum 13 daga cikin masu nema 1,429. Kuma ta bayyana waɗanda ta buɗe ƙofar dominsu: tsofaffin sojojin Amurka, da 'ya'yan marasa hali, da ɗaliban ƙananan kwalejojin ƙasar. Ɗalibi daga Kano ko Zariya ba a hana shi nema ba, amma ni a ganina wanda ya kafa shirinsa a kan irin wannan gurbi daidai yake da manomin da ya dogara ga ruwan sama a watan Janairu.

Jami'o'in gwamnatocin jihohi su ne masu ƙofa mai faɗi, kuma babu misalin da ya fi na Kalifoniya. Tun 1960 jihar ta tsara ilminta hawa-hawa. A ƙasa akwai kwalejojin al'umma, masu karatun shekara biyu, waɗanda yawansu ya kai 116. A sama akwai Jami'ar Kalifoniya mai rassa da yawa, ciki har da Berkeley da na Los Angeles wanda ake kira UCLA. Manufar jami'ar ita ce, duk inda ta ɗauki sababbin ɗalibai biyu 'yan jiha, ta ɗauki mai canji ɗaya. Saboda haka dubbai ne suke shiga ta wannan hanya kowace shekara, har ma a wasu rassan kason da ake ɗauka daga masu canji ya fi na masu shiga ajin farko.

A nan ne fa ɗalibi ya kamata ya buɗe ido, domin alƙaluman da ake bugawa suna iya ruɗin mutum. Kusan tara cikin goma na masu canjin da wannan jami'a take ɗauka daga kwalejojin jihar suke fitowa, kuma ita kanta ta ce su take ba fifiko. Bari in ba ku lissafi na misali, wanda ni na ƙirƙira don a gane. A ɗauka wata jami'a ta karɓi takardu 1,000, ta ɗauki mutum 250. Za a buga cewa ta ɗauki kashi 25 cikin ɗari. Amma idan 225 daga cikinsu sun fito ne daga kwalejojin jiha, saura gurbi 25 ke nan. Idan mutum 300 ne daga wasu jihohi da ƙasashen waje suke ribibin waɗannan 25 ɗin, rabonsu ya koma kashi takwas da ɗan wani abu. Sannan gurabun 25 ɗin nan za a raba su ne tsakanin masu tarihi da masu kimiyya da masu harsuna da sauransu. Abin da zai faɗo wa tsimi da tanadi, wanda yake cikin fannonin da aka fi cunkoso a kansu a Berkeley da UCLA, ƙila bai wuce biyu ko uku ba. Kashi 25 ɗin gaskiya ne, sai dai ba da kai ake ba.

Ganin haka ne ya sa baƙin ɗalibai da yawa suke bi ta ƙasa. Sai su shiga kwalejin al'umma a Kalifoniya tun daga farko, inda shiga ba ta da wuya kuma kuɗi ya fi sauƙi, su tara kiredit 60, sannan su nemi jami'a a matsayin ɗaliban kwalejin jiha. Akwai ma wata yarjejeniya da ake kira TAG, wadda rassa shida suka shiga, watau Davis da Irvine da Merced da Riverside da Santa Barbara da Santa Cruz. A ƙarƙashinta, ɗalibin kwalejin da ya ci kwasa-kwasan da aka gindaya, ya kuma kai makin da aka yanka, an lamunce masa gurbi. Ana cike takardarta a watan Satumba, ta neman jami'ar kuma a kammala a Nuwamba, kusan shekara guda kafin a shiga. Berkeley da UCLA da San Diego ba su cikin rassa shidan, kuma kowane reshe yana da fannonin da ya keɓe daga yarjejeniyar. Ni dai ban ga wata hanya da ta fi wannan tabbas ba. Amma kada a ɗauka kowa ke kaiwa gaci. Wani bincike da cibiyar nazarin kwalejojin al'umma ta Jami'ar Columbia ta fitar tare da abokan aikinta a 2024 ya nuna cewa, a faɗin Amurka, kimanin ɗaya cikin uku ne na ɗaliban irin waɗannan kwalejoji suke samun canjawa, kuma kashi 16 cikin ɗari kaɗai suke riƙe digiri bayan shekara shida.

Yanzu sai mu zo kan fannin kansa, wanda a nan ne nake so ku fi kasa kunne. Tsimi da tanadin da muke yi a sakandare yawancinsa bayani ne da zane: a faɗi ma'anar kasuwa, a zana layin bukata da na wadata, a lissafa ayyukan babban banki. A jami'a, daga shekara ta biyu zuwa ta uku, abin yakan rikiɗe ya koma lissafi. Idan a aji na tambaye ku me zai faru in farashin buhun masara ya tashi, kukan ce masu saye za su ragu, in ba ku maki. A can za a ba ka jimlar lissafi, a ce ka fitar da adadin da za su ragu idan farashin ya ƙaru da naira ɗaya, sannan ka nemo farashin da zai ba mai sayarwa riba mafi tsoka. Kayan aikin wannan shi ne kalkulas, lissafin da ke auna yadda wani abu yake canjawa idan wani ya motsa. Bayansa akwai ilmin ƙididdiga, sai kuma ikonometiriks, wanda yake gwada ka'idojin fannin da alƙaluma na zahiri.

Wanda ya shiga ajin farko yana da shekara biyu ya koyi waɗannan a hankali. Mai canji kuwa za a jefa shi aji na uku ne kai tsaye, don haka malaman sashen ba su da lokacin jiran sa. Abin da suke fara dubawa a takardarsa shi ne ko ya ci share fagen fannin kashi biyu, na ƙananan al'amura kamar gida da kamfani, da na manya kamar ƙasa baki ɗaya, da kalkulas na zango biyu, a wurare da yawa har da ƙididdiga. In babu waɗannan, kyawun wasiƙarsa da yawan ƙungiyoyin da ya shugabanta ba za su cece shi ba. Mafi ƙarancin matsakaicin makin da Jami'ar Kalifoniya take karɓa daga wanda ba ɗan jiha ba shi ne 2.8 bisa 4, amma wannan izinin shiga layi ne kawai. Waɗanda suke samun tsimi da tanadi a Berkeley da UCLA makinsu yana dab da 4. Ko a Ingila haka zancen yake, don Makarantar Tsimi da Tanadi ta London ba ta ɗaukar ɗalibi a wannan digiri sai ya sami maki mafi girma a lissafi a jarrabawar gaba da sakandare. Abin yakan ba ni mamaki idan na ga ɗalibi ya zaɓi tsimi da tanadi wai don ya guje wa lissafi, ya kuma ƙi shiga ajin ƙarin lissafi alhali ana koyarwa kyauta.

Sai maganar kiredit. Ba duk abin da ka ɗauko ne sabuwar jami'a za ta amsa ba. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta a rahotonsa na 2017 cewa masu canji sukan yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗin da suka tara. Wannan fa tsakanin makarantun ƙasa ɗaya ne, masu tsari iri ɗaya, balle wanda ya taso daga wata nahiya. Namu ma'aunin a yawancin jami'o'i bisa 5 yake, kuma daga maki 70 ake samun A. Nasu bisa 4 ne, A kuma galibi daga 90 take farawa. Wanda bai san wannan ba, in ya ga 72 sai ya zaci ɗalibin tsaka-tsaki ne. Shi ya sa jami'o'i da yawa suke cewa a bi da takardar sakamako ta hannun kamfanonin tantancewa, irin su WES, waɗanda suke fassara kowane kwas zuwa ma'aunin Amurka, kuma kuɗi suke karɓa. Takardar kuma dole jami'arka ce za ta aika da kanta, ba kai za ka riƙo a hannu ba, kuma duk wanda ya taɓa bin sawun irin wannan takarda ya san tana cin watanni. Bayan wannan sashen zai so ya ga manhajar kowane kwas, littafin da aka karanta, da makonnin da aka yi. Kwas mai suna lissafi don masu tsimi da tanadi, in ba a ga manhajarsa ba, ana iya ƙin lasafta shi a matsayin kalkulas, mutum ya sake shi daga farko. Kuma yawancin jami'o'i sun shar'anta sai ka yi wani kaso na karatun a wurinsu, sau da yawa shekara biyu cur. Harvard ba ta duba takardar wanda ya wuce shekara biyu a wata jami'a.

Akwai wani tarko da ya shafe ku tun yanzu, kafin ku bar makarantar nan. A jami'o'in Amurka da yawa, ciki har da ta Kalifoniya, da zarar ka yi rajista ka fara karatu a wata babbar makaranta bayan sakandare, ka tashi daga sabon ɗalibi, ka zama mai canji, kuma ba a yarda ka ɓoye ba. Ita Jami'ar Kalifoniya galibi masu shiga aji na uku take ɗauka. Ke nan wanda ya yi zango ɗaya a jami'ar gida yana iya samun kansa a tsaka mai wuya: ya wuce neman ajin farko, bai kuma kai neman aji na uku ba. Ƙa'idar ta bambanta daga jami'a zuwa jami'a, wasu sukan ɗaga ƙafa ga wanda kiredit ɗinsa bai taka kara ya karya ba. Duk mai niyyar fita ya karanta ƙa'idar jami'ar da yake so kafin ya karɓi gurbin JAMB, ba bayan ya karɓa ba.

Kuɗi kuwa, shi ne yake yanke hukuncin ƙarshe a gidaje da yawa. Baƙo a Jami'ar Kalifoniya yana biyan kuɗin da ɗan jiha yake biya, sannan a ɗora masa ƙarin da a 2024 ya haura dala 30,000 a shekara. A wannan shekarar dala ta wuce naira 1,500. Ku buga da kanku: ƙarin kaɗai ya kai naira miliyan 45, ba a zo kan ɗaki da abinci da inshorar lafiya ba, kuma jami'ar ba ta ba baƙo tallafin da take ba marasa hali 'yan jiha. Akwai 'yan jami'o'i masu arziki, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT, waɗanda suke tallafa wa baƙo gwargwadon bukatarsa, sai dai su ne masu ƙaramar ƙofar nan da muka fara ambata. Wasu da dama suna da tallafi ga baƙon da ya shigo ajin farko, amma babu ko sisi ga baƙo mai canji. Kuma makaranta ba za ta ba ka takardar I-20, wadda da ita ake neman biza, ba sai ka nuna shaidar kuɗin shekara guda. Mai tunanin zai yi aiki ya biya wa kansa ya sani, doka ta ƙayyade masa awa 20 a mako lokacin karatu, a cikin harabar makaranta.

Ko an sami gurbi an kuma sami kuɗi, saura biza, kuma nan ne abubuwa suka tsananta. A watan Yuli na 2025 Amurka ta rage yawancin bizar da take ba 'yan Nijeriya zuwa ta wata uku mai shiga sau ɗaya. A Disambar shekarar kuma Shugaba Trump ya sa hannu a kan sanarwar da ta dakatar da ba 'yan Nijeriya sabuwar bizar karatu da ta ziyara daga 1 ga Janairu 2026, maƙwabtanmu na Nijar kuwa aka sa su cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya. Irin wannan doka takan zo kuma takan tafi. Takunkumin da aka sa wa 'yan Nijeriya masu neman zama na dindindin a 2020 an ɗage shi a Janairun 2021. Amma babu jami'ar da take da ikon ƙetare ta. Kafin kowa ya kashe ko kobo a kan fom ko tantance takardu, ya fara bincika matsayin wannan doka a ofishin jakadancin Amurka, ba a bakin dillalan da suke cewa suna da hanya ba.

Da za a tambaye ni shawara, da ma'aunin fanninmu zan amsa, watau a duba abin da aka sarayar don a sami wani abu. Ɗalibin da ya bar aji biyu a Bayero ko Ahmadu Bello ya sarayar da gurbi tabbatacce, da wataƙila rabin karatun da ya riga ya yi, da dukiyar da za ta iya ɗaukar nauyin ƙannensa duka. Wanda iyayensa suke da hali, kuma hanyar biza ta buɗe, gara ya yanke shawara tun daga sakandare, ya nemi ajin farko ko ya bi ta kwalejin al'umma, maimakon ya raba ƙafa. Ga sauranmu kuwa, akwai wani abu a cikin alƙaluman da na kawo a baya wanda ban faɗa ba: fiye da rabin 'yan Nijeriyan da suke karatu a Amurka a wancan lokaci masu digiri na biyu ne da na uku. A wannan mataki ne aka fi samun tallafi, musamman a digiri na uku, inda jami'a takan ɗauke wa ɗalibi kuɗin makaranta ta kuma biya shi alawus don ya taya malamai koyarwa da bincike. Kuma ba Amurka kaɗai ke da shi ba.

Masu tantance irin wannan ɗalibi su ma makin lissafinsa suke fara dubawa. Saboda haka wanda ya shiga sashen tsimi da tanadi a jami'ar gida, ya nemi izinin ɗaukar kalkulas da aljabara da ƙididdiga a sashen lissafi in tsari ya ba da dama, ko da za su fi wuya. Ya tanadi fayil guda, ya riƙa ajiye manhajar kowane kwas da sunan littafin da aka yi amfani da shi tun daga zangon farko, ya kuma karɓi kwafin sakamakonsa a ƙarshen kowace shekara, tun malaman da suka koyar da shi suna nan a sashen.